Yaron da ke zane a bayan littafi ba wasa yake yi ba

Kwanakin baya, wata ranar Alhamis da yamma, na biya gidan yayata a Tudun Wadan Zariya, na tarar da ɗanta na biyu zaune a bakin rijiya ya haɗa kai da gwiwa. Ɗan aji uku ne a ƙaramar sakandare. Kafin in rufe baki da tambaya, uwar ta karɓe zancen daga madafi: malamin lissafi ne ya kama shi yana zane a bayan littafi, ya yage shafukan a gaban 'yan aji, ya zuba masa bulala shida, ya ce a gaya wa mutanen gida yaron nan ba karatu ne a gabansa ba.

"Ni ma na ɗora masa nawa," in ji Yaya. "Ubansa na can yana fafutukar kuɗin makaranta, shi yana nan yana zana aljanu."

Na ce a kawo aljanun in gani. Ya zaro su daga aljihun wando a dunƙule, falle huɗu, na warware su a kan gwiwata.

Ashe labari ne. Ya sa rula ya raba kowane shafi gida shida. A gidan farko mai shayi na soya ƙwai, almajiri na tsaye a gefe da robarsa, kyanwa na leƙe daga ƙarƙashin benci. A gida na biyu an ɗauke wuta. Yaron ya cike gidan da baƙin biro, ba ka ganin komai sai idanu biyu. A gida na uku wuta ta dawo, faranti wayam, mai shayi ya shaƙe wuyan rigar almajiri. Sauran shafukan shari'a ce a ƙofar mai unguwa. Ba a kai ga yanke hukunci ba malam ya ritsa shi.

Na daɗe ina kallon baƙin gidan nan. Yaron bai zana satar ba sam. Ya bar mai karatu ya aikata ta a cikin kansa, ya kuma bar shi ya san gaskiyar da mai shayi bai sani ba. Akwai manyan da suka shekara suna rubutu ba su gano wannan dabarar ba.

To ga ra'ayina tun kafin mu yi nisa. Malam ya yi daidai da ya hana shi zane a lokacin lissafi, kowane abu da lokacinsa. Amma abin da ya yaga rubutu ne, kuma kamata ya yi a ce akwai wani lokaci a cikin mako da makaranta da kanta za ta zaunar da matasa ta koya musu shi. Ina nufin a koya wa 'yan sakandare rubuta labari cikin zane, abin da Turawa ke kira komik, Japanawa ke kira manga, a koya shi da Hausa, a cikin darasin Hausa, a ba shi maki kamar yadda ake bai wa insha'i.

Na faɗi haka a majalisarmu, an yi mini caa. Bari in bi maganganun da aka yi mini.

"Ai wasan yara ne"

Wanda ya faɗi haka malamin makaranta ne, don haka na tambaye shi abin da yake samu in ya ce wa 'yan aji su rubuta insha'i kan ranar da ba za su manta da ita ba. Ya yi dariya, don ya san amsar. Rabin shafi gaisuwa ce da godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Sauran kuma "daga nan sai muka tafi, daga nan sai muka dawo," har a cike shafi ɗaya da rabi. Yaro ya koyi cika takarda, bai koyi ba da labari ba.

Ba shi gida shida kacal ka ce ya ba da labarin nan a ciki. Nan take zai fara gumi. Dole ya zaɓi lokuta shida daga cikin yinin, ya watsar da sauran. Dole ya san ina labarin ya fara da gaske, wanda sau da yawa ba daga tashi sallar asuba ba ne. Da'irar da ake sa magana a ciki, wadda yaran ke kira balan-balan, ba ta ɗaukar dogon turanci. In maganar ta wuce layi uku ta rufe fuskar mai yin ta. Sai ya rage, ya sake ragewa, har ya rage abin da mutum zai faɗa da bakinsa da gaske.

Zaɓe da ragewa da sauraron yadda mutane ke magana, ai su ne aikin marubuci. A ajin adabi ana koya mana cewa rubutaccen adabin Hausa kashi uku ne: zube, waƙa, wasan kwaikwayo. Labarin zane yana zaune ne tsakanin zube da wasan kwaikwayo, ya ci nan ya ci can. Mai yin sa shi ne marubuci, shi ne mai tsara dandamali, shi ne mai riƙe da kyamara.

Su kuwa waɗanda suka riga mu shiga harkar sun daɗe da daina kallonta a matsayin abin yara. Garin Angulem na Faransa ya fara bikin littattafan zane tun 1974. A 1992 an ba wani littafin zane lambar Pulitzer ta musamman a Amurka, labarin kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a yaƙin duniya na biyu, inda marubucin ya zana Yahudawa a siffar ɓeraye, Jamusawa a siffar kyanwoyi. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Mun san tun a gindin kaka cewa dabba na iya ɗaukar maganar da ta fi ƙarfin bakin mutum.

Marin Bahaushe

Akwai abin da ya fi komai ja na zuwa ga wannan ra'ayi, shi ne harshen kansa.

A shafi na biyu, inda mai shayi ya kwaɗa wa almajiri mari, yaron ya rubuta ƙarar marin da Turanci, irin yadda yake gani a katun. Na ce masa, "Kai, marin Bahaushe haka yake ƙara?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Tas yake cewa, Kawu."

Na ce to goge ka rubuta tas.

Hausa cike take da irin waɗannan kalmomi. Dutse ya faɗa rijiya tsundum. Buhu ya faɗi tim. Kyanwa ta yi wuf, mai shayi ya cafke caraf, unguwa ta yi tsit, almajiri ya zauna jagwab. Malaman nahawu na kiran su amsa-kama, kuma a aji jero su ake yi a allo yara su haddace don jarrabawa, kamar sunayen koguna. A labarin zane kuwa aiki suke yi. Yaro zai rubuta TIM da manyan baƙaƙe masu kauri har su cika rabin gida, ya rubuta tsit ƙanana a kusurwa. Ya fara jin nauyin kalma a hannunsa ke nan.

Sai kuma ƙa'idojin rubutu. Kowa ya ga irin Hausar da matasanmu ke rubutawa a WhatsApp da Facebook: ba ƙugiya, ba rabe kalma, "zanje" da "yace" da "inaso" duk a manne. A waya ba mai damuwa. Amma in aka rubuta da hannu cikin balan-balan, da manyan baƙaƙe, aka liƙa a bango, kuskure tsirara yake fitowa. Na gani da idona. Wani yaro ya zana mata tana leƙo ɗaki tana cewa "baki sun zo." Wata yarinya ta karanta ta ce, "Bakin wa? Su nawa ne bakunan?" Aka kwashe da dariya. Tun ranar bai ƙara mance ƙugiyar baƙi ba, kuma ba wanda ya taɓa shi da bulala.

"Ba kowa ya iya zane ba"

Inda na ga haka shi ne a zauren gidanmu. Bayan abin da ya faru, na ce wa yaron ya zo ranar Asabar da hantsi, ya zo da duk wanda ya ga dama. Su bakwai suka zo, biyu mata, ƙannen abokansa.

Kayan aikinmu farar takarda irin ta fotokwafi, fensir, biro, reza ɗaya. In ka ninke falle ɗaya sau uku, ka warware, ka tsaga tsakiyarsa da reza, ka sake ninkewa, sai ga ɗan littafi mai shafi 8. Wannan kaɗai sai da ya ci mana rabin awa, don kowa so yake ya ga nasa ya fito.

A cikin su bakwai, biyu ne za a ce sun iya zane. Ɗaya daga cikin matan ta ajiye fensir ta ce ita ko kaza ba ta iya zanawa ba. Na ce ta ba ni labari da baki. Ta ba ni labarin yadda kishiyoyi biyu ke rabon kwana da rabon maggi a wani gida, da muryar kowacce, har da yadda uwargida ke jan tsaki. Na haɗa ta da yaron da ya fi kowa iya zane amma ba ya iya haɗa jimla uku a jere. Ita ta tsara abin da zai shiga kowane gida da maganar da za a yi, shi ya zana. Sun yi faɗa ya fi sau biyar, tana cewa ya zana amarya kamar tsohuwa. Littafinsu ne ya fi na kowa.

Haka ake yi a manyan kamfanonin komik na Amurka ma. Wani ke rubuta labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya sa launi, wani ya rubuta maganganun. Wanda kuma ya rasa abokin aiki, mutum-sanda ya ishe shi: da'ira ɗaya, layi biyar. In labarin ya yi daɗi ba mai tambayar ina hancin.

Maganar addini

Nan ne ba na son in yi gaggawa, don wanda ya kawo wannan magana ba da wasa ya kawo ta ba, kuma ita ce ke zuciyar iyaye da yawa ko ba su furta ba. Kalmar "aljanu" da Yaya ta yi amfani da ita ma daga nan ta samo tushe.

Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin siffofi suna nan a Bukhari da Muslim, ba mai musun su. Akwai malaman da suka fahimci cewa hanin ya haɗa duk wani zanen mai rai da aka yi da hannu. Akwai kuma fahimtar da ke cikin littattafan fiƙihun Malikiyya, waɗanda su aka fi karantawa a zaurukanmu, inda aka bambance tsakanin siffa mai jiki wadda ke da inuwa, irin gunki, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle. Ta farkon ce aka haramta in ta cika siffar mai rai, na biyun kuwa hukuncinsa bai kai nan ba. Saɓani ne tsoho, ba ni zan raba shi a nan ba.

Abin da nake cewa shi ne, uban da ya bi fahimta ta farko yana da haƙƙinsa, kada makaranta ta tilasta wa ɗansa zana fuska. Amma hakan bai fitar da yaron daga ajin ba. Yana iya zama marubucin da wani zai zana wa. Yana iya ba da labari da abubuwa marasa rai: takalma biyu a ƙofar ɗaki, sannan takalma uku, sannan ɗaya. Kowa ya gane an yi baƙo, an kuma yi yaji. Ɗaya daga cikin yaran zaurena haka yake yi, don babansa ya gindaya masa sharaɗi, kuma sharaɗin ya sa ya fi sauran dabara.

Iyaka ɗaya ce ba ta da saɓani a wurinmu, ita ce ba a zana Annabawa da Sahabbai. Wannan kuwa ba sai an gaya wa ɗan Hausa sau biyu ba.

Kada kuma mu yi kamar zane baƙo ne a ƙasar nan. Wa ke yin zayyanar allo in yaro ya sauke? Wa ya yi wa bangayen gidajen Zariya da Kano ado? Zanen hula, aikin wuyan babbar riga, lallen amare, zakin da ke bayan manyan motoci, kawunan da ke jikin allon shagon aski, duk hannun mutanenmu ne. A Zariyar nan, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar zane a 1958 wadda ta sauya fasalin zanen Najeriya. Sashen koyar da zane yana nan a Samaru har yau. Tafiyar mota ɗaya ce daga ajin da aka yaga takardar nan.

"Al'adar wasu ce"

Wannan ta makara. Karɓi wayar kowane yaro ɗan shekara 15 ka duba, in yana da ita, ko ka leƙa inda ake tura fina-finai a kasuwa. Katun ɗin Japan sun riga sun shigo, yaranmu sun san sunayen jarumansu fiye da sunayen sarakunan Haɓe. Zaɓin da ya rage mana shi ne su zama masu kallo kawai ko su ma su yi nasu.

In ba su yi ba wani zai yi musu. Wani ɗan Legas mazaunin Amurka ya riga ya fitar da littafin zane kan wata sarauniyar yaƙi da ya gina ta a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ban ga laifinsa ba, ya ga dukiya a yashe ya ɗauka. Amma abin da ɗan ciwo a ce yaran da ke wucewa ta gefen ganuwar Zazzau kullum su ne ake yi wa bulala in sun ɗauki biro.

Wani abin dariya ma, littattafan manga daga dama zuwa hagu ake karanta su. Bature sai ya koya. Yaron da ya yi makarantar allo kuwa a gida yake.

"Zai ci da su?"

Yawancinsu a'a. Gara in faɗi gaskiya. Kamar yadda yawancin masu koyon insha'i ba marubuta za su zama ba, kuma ba wanda ya ce a soke insha'i saboda haka.

Amma hanya tana nan ga mai rabo. Kamfanin Comic Republic yana aiki a Legas tun 2013. A 2024 kamfanin Disney ya fitar da katun da ya yi da haɗin gwiwar Kugali, kamfanin wasu matasan Afirka da suka faro da littattafan zane, labarin kuma a Legas aka kafa shi. A nan Arewa, duk mai bin jaridar Daily Trust ya san zanen Mustapha Bulama, wanda sau da yawa gida ɗaya nasa kan faɗi abin da sharhin shafi guda bai faɗa ba. Manyan masu shirya fim a duniya sukan zana fim gida-gida a takarda kafin a kunna kyamara, kuma duk wanda ya ga fim ɗin Hausa da aka yi minti goma ana gaisuwa a falo ya san Kannywood na bukatar masu wannan ido.

Wani ya ce yanzu ai kwamfuta ke zane, ka gaya mata abin da kake so ta fito maka da shi. Haka ne. Sai dai ba ita za ta ce a cike gida na biyu da baƙi a bar idanu biyu ba. Wannan daga kan yaron ya fito.

Wa zai koyar?

Nan ne masu suka suka fi ni hujja. Malamin da ke da ɗalibai 80 ko 100 a aji, albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, ka zo masa da sabon aiki, ai sai ya kalle ka kawai. Darasin fasaha da al'adu da ke cikin manhajar ƙaramar sakandare ma a makarantu da yawa a allo ake yin sa, a kwafi ma'anar launi a littafi ba a taɓa launin ba.

Shi ya sa na ce a sa shi a darasin Hausa, a madadin wani insha'in, ba ƙari a kansa ba. Malamin Hausa ba ya bukatar iya zane. Abin da zai duba shi ne abin da ya saba dubawa: labarin ya tafi daidai? Maganar ta yi kama da ta mutane? An kiyaye ƙa'idar rubutu? In aka raba yara uku-uku, aji mai ɗalibai 90 littafi 30 zai kawo, mai shafi 8 kowanne. Ya fi sauƙin dubawa a kan insha'i 90.

Gasa ma za ta taimaka. Ƙagaggun labaranmu na boko da gasa suka fara, wadda Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a 1933. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016, mun kuma ga matan da ta fito da su. Jiha ɗaya ko gidan jarida ɗaya ya sa gasar labarin zane tsakanin makarantun sakandare, a ga abin da zai fito.

Roƙona ɗaya ga duk wanda zai ɗauki wannan: don Allah kada a mai da shi faɗakarwa. Na san halinmu. Da an fara za a ce kowa ya zana illar shaye-shaye, ko muhimmancin biyayya ga iyaye, sai a samu littafi 30 masu labari ɗaya, yaro ya sha ƙwaya ya haukace ya yi nadama. A bar su su zana kyanwa da mai shayi. Labarin nan, in ka lura, magana yake yi a kan wanda ake fara kamawa in abu ya ɓace a unguwa, kuma ba wanda ya ba yaron wannan jigo.

Ya ƙarasa shi a Asabar ta uku, a sabuwar takarda. Mai unguwa ya sa a kawo ruwa kowa ya kuskure baki a gani, almajiri ya kuskure ba komai, ana cikin haka kyanwa ta zo wucewa gashin bakinta na ƙyallin mai. Na yi fotokwafi goma a bakin titi. Da na kai wa Yaya nata, ta ce in ajiye a kan firji ba ta da lokaci.

Washegari da safe sai ga kiranta.

"Wai ni kam," ta ce, "shi almajirin da aka mara, haka nan ya tafi? Ba wanda ya ba shi haƙuri?"

Na ce ta tambayi mai littafin, yana ɗakinta.